Kwana Talatin da Na Ɗaure Kaina

Tun farko in faɗa, wawan wannan labari ni ne, kada a wahala ana nema.

Ciwon ƙaba ya fito da ni daga ƙauyenmu na wajen Kirikasamma zuwa asibiti a Haɗeja, daidai lokacin da shinkafata ta fara fitar da kai a fadama. Wadda ta yi mini aikin likita ce matashiya, ba ta girmi autata ba. Kwana biyu da aiki na hango ta a baranda da kwamfuta a cinya, waya a kunne, tana rubutu. Da ta zo zagaye na ce, "Likita, ashe ba ki gama karatun ba kika yanka ni?"

Ta ce yankan ta iya, Baba. Abin da suke koya ta intanet, ita da likitocin wasu ƙasashe, shi ne yadda ake bin sawun waɗanda aka yi wa tiyata, a gano ɗinkin wa ya warke, na wa ya yi ruwa, da dalili. Malamansu na nesa, in sabis ya ɗauke sai ta koma gindin tankin ruwa. Ta tambaye ni ko na yarda in shiga binciken nasu, ta ɗauko takarda ta fara fassara mini da Hausa.

A nan Shaiɗan ya zo. Na yi aji huɗu a firamare, kuma a ƙauyenmu ni ake kawo wa katin asibiti in duba. Ga majinyata shida sun zuba mini ido. Na ce, "Bar shi, 'yata, mun yi bokon nan tun ba a haife ki ba." Ta sake gwadawa, na ɗaga mata hannu. Na bi layukan da yatsa kamar alƙali. Abu biyu na gane: sunana da lamba talatin. Na haɗa da bin sawun da ta ambata, na yanke wa kaina hukunci cewa kwana talatin ba ni barin gari. Ta miƙo tawadar dangwale, na ƙi, na sa hannu da biro har da wutsiya.

Mu mutanen da, abin da ka sa wa hannu a gaban hukuma ya ɗaure ka. Da aka sallame ni sai na tare a gidan ƙanwata a cikin gari. Ɗaki ɗaya, taga ɗaya, tana kallon katangar maƙwabci. Na san kowace tsaga a jikinta.

Saƙon uwargida ya fara zuwa. Tsuntsayen jan-baki sun sauka a cikin ciyawar kacalla, da hantsi su faɗa wa gona kamar hayaƙi. Ita da maƙwabcinmu ke kaɗa gwangwani, shi ma yana da tasa gonar. Tsuntsu ba ya buƙatar mai ƙarfi, mai zama yake buƙata, ya ja igiya ya yi ihu, aikin da ko mai ɗinki a ciki zai iya. Wannan shinkafa ita ce tuwonmu na shekara.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ga adaidaita sahu, mu je ka tambaye ta mana."

Na ce, "Ke ba ki san bincike ba. Yanzu haka cibiyata tana gaban manyan malamai a ƙasar waje."

Gaskiyar ita ce na riga na gaya wa duk wanda ya zo dubiya haka. In koma in ce a karanta mini? Na zauna ina ƙirga kwana da carbi, tsuntsu na ƙirga nasa.

Ran na talatin na yi wanka, na sa babbar riga, na je karɓar sallama. Na same ta a gindin tankin tana danna waya. Sai tawa ta yi ƙara a aljihu. Ta ɗago, ta dube ni, ta dubi wayarta.

"Baba, ai kai nake kira. Me ya kawo ka tun daga ƙauye?"

Na ce ban je ƙauye ba, alkawari na cika. Ta ciro takardar ta karanta mini da Hausa, a hankali. Ran na talatin za a kira ni a waya, a tambayi lafiyar ɗinki. Shi ke nan. Har akwai layin da ya ce in na ga dama in fita a kowane lokaci. Ranar na ji rabin gonar ya tafi.

Na gyara wuyan riga na ce laifin masu rubutun ne, Turancin yanzu ba irin namu ba ne.

Ta ce, "Baba, ni da na farka cikinka kullum ina ɗaga hannu a aji in ce ban gane ba. Kai aji huɗu ne ya fi ƙarfin tambaya?"