Gurbin Mai Dabba

Shekara ashirin da shida ta yi a ofishin kula da lafiyar dabbobi, a wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Anti Rajista. A shekarunta na ƙarshe ne aka kawo manhajar ajiye bayanan dabbobi, irin wadda aka yi wa harsashi aka bar wa mai amfani da ita ya ƙara ɗakuna. Abokan aikinta suka tsaya a shanu da awaki. Ita kuwa ta gano ana iya sauya sunayen guraben da ake cike bayanai, a ɗora sabon sashe a kan tsoho. Da ita ta tsara wa wata makaranta aron littattafai, da ita ta adana wa wani tela awon masu kawo masa ɗinki.

Bayan ta yi ritaya, yayanta, shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, ya sa ta tsara musu tunatarwar zuwa awon jini a asibiti, domin mazan ba sa zuwa. Ta mayar da "garke" ya zama "unguwa", "kofato" ya zama "ƙafa". Gurbi ɗaya ne ya ƙi taɓuwa, don a kansa aka gina komai: kowace dabba sai da mai ita, kuma wayar mai ita ake aika wa saƙo. Waɗanda suka san ta sun ce ba ta yi dogon tunani ba. Ta cike gurbin da lambobin matansu.

Ranar Litinin mata arba'in suka sami saƙo: "Lokacin duba naki ya yi. A kawo shi da safe, kada a ba shi abinci. Idan yana turjiya, a zo da mataimaki."

Da hantsi Yaya ya faɗo mata gida, da auduga manne a hannunsa.

"Ke! Ni ne mai turjiya? Yau ko shayi an hana ni!"

"Yaya, wa ya kai ka?"

"Matata mana, da ƙaninta!"

"To ka ga an bi umarni."

Ya yi rantsuwa cewa a taron Asabar zai sa a watsar da manhajar, ita ma a sallame ta. Wannan ya taɓa ta, domin tun ritayarta ba ta da wani teburin da ake nemanta sai wannan.

Ranar taron, wata ma'aikaciyar jinya daga asibitin ta ba da rahoto: a da mutum shida ke zuwa, wannan karon talatin da takwas, an kuma gano hawan jini a jikin tara, har da shugaba. Duk da haka Yaya ya ce masu son a soke manhajar su ɗaga hannu. Mazan suka waiga baya, inda matan da suka rako su ke zaune a jere. Hannu bai tashi ba.

Layin turjiya kaɗai Yaya ya roƙa a cire daga saƙon. Anti Rajista ta ce za ta duba. Har yau tana dubawa.