Ranar da Aka Shanya Katunan Falalu

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar gona ta Kano a shekarun da man fetur ya yi daraja ya san Malam Falalu Gwiwa, ko da kuwa bai taɓa gane abin da yake yi ba. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya da saurin amsa, irin mutanen nan da in ka fara tambaya sukan ƙarasa maka ita. Ba girman kai gare shi ba, ya dai yarda da kansa ne fiye da yadda ake so yaro ya yarda, kuma sau da yawa gaskiya na wajensa, abin da ya fi ba mutane haushi ke nan.

A wata ruga kusa da Gwiwa aka haife shi, ɗan fari ga Hamma da Shatu, masu 'yan shanu da gonar gero. Wanda ya san Fulanin wannan yanki ya san alkunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Shatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta dubi idonsa ba. In tana son ya ci abinci sai ta ce wa ƙanwar mijinta, Goggo Dela, "Ki ce wa wancan ga tuwo can." Da aka yaye shi ma sai aka miƙa shi Kazaure wajen yayan Shatu, Kawu Daudu, malamin ofishin En'e, shi ya riƙe shi, shi ya sa shi boko.

Kawu Daudu ya gama tsara wa yaron rayuwarsa tun yana firamare: zai karanta mulki, ya dawo Di'o, a riƙa buɗe masa ƙofar mota. Sai ga Falalu ya tafi jami'a a Zariya ya dawo hutu da wani zance wai shi kimiyyar kwamfuta zai yi.

"Kimiyyar me?" in ji Kawu.

"Kwamfuta, Kawu. Na'ura ce mai lissafi, girmanta ya cika ɗaki. Abin da akawu goma za su yi wata suna yi, ita kafin a sha ruwa ta gama."

"To, ai ta fi ka sani. Kai me za ka yi mata, goge-goge?"

"Allah ya ba ka nasara, ba ta san komai ba. Wawiya ce mai biyayya. Sai an ɗauki matsala an farfasa ta ƙanana-ƙanana, an ce mata yi kaza, in ka ga kaza koma can, in ba haka ba wuce gaba. Wannan farfasawar ita ce karatun. Akwai masu gyaran ƙarfenta, akwai masu tsara wa ma'aikata yadda za ta yi amfani da ita, ni kuwa mai rubuta mata umarni zan zama. Nan gaba kaɗan babu bankin da zai buɗe ƙofa sai da irinmu."

Kawu ya daɗe yana murza carbi. Mutum ne mai son a bi maganarsa, amma ba azzalumi ba ne. A ƙarshe ya yanke hukunci: ya je ya yi, amma in ya faɗi jarrabawar fita, ba maimaitawa, ba roƙo, zai dawo Kazaure ya zauna a teburin da aka ba shi har ya yi furfura. Falalu ya amsa da "Na yarda" tun kafin Kawu ya rufe baki.

A wancan zamanin ba a buga wa kwamfuta magana kai tsaye. Kowane layi na umarni a kan kati guda ake huda shi, kati mai kauri kamar na gayyatar biki, na'ura kuma hujin take karantawa. Dole katunan su shiga a jere yadda aka tsara su, in ɗaya ya tsallake ɗan'uwansa aiki ya rushe. Shi ya sa malamansu kullum suke cewa a sa wa kati lamba, ko aƙalla a ja layi da tawada a gefen tarin. Falalu ya ce wannan shawara ta masu sakin kaya ce, shi bai taɓa yar da ko cokali ba.

Aikinsa na shekarar ƙarshe kan ruwan sama ya yi shi, don farin da aka yi a shekarun nan ya cinye rabin garken mahaifinsa yana gani. Ya tattara bayanan damina na Kazaure da Roni da Babura da Gwiwa, ya rubuta umarnin da zai fitar da lokacin da shuka ta fi tsira. Ya gama, saura kawai gwajin ƙarshe a gaban malamai, kuma saboda layin masu jiran na'ura, sau ɗaya tak za a ba kowa. Takardar da aka buga masa umarnin a kai kuwa tuni ya bar wa mai tsiren bakin makaranta, wai ta tsufa. Da aka yi hutu ya ɗaure akwatin katunan ya taho da shi ruga, don bai yarda ya bar shi a ɗakin kwanan ɗalibai ba.

Ranar kasuwar Gwiwa ya ari keke ya tafi gaida abokai. Shatu ta shiga bukkarsa shara, kamar yadda ta saba in ba ya nan, don wannan ce kaɗai hanyar da al'ada ta bar mata ta nuna masa so. Ta ɗaga murfin akwatin ta zaro kati ɗaya, ta ga huji. Ta zaro na biyu, huji. Ta tabbata ƙwari sun shiga karatun yaron suna cinyewa. Wata uwar da sai ta jira ya dawo ta tambaye shi, amma ita da wane bakin? Sai ta yi abin da take yi wa wake in ya fara huji. Ta shimfiɗa tabarma a rana, ta juye akwatin, ta baza katunan da tafin hannu, ta riƙa juya su don kowane gefe ya sha rana. Da iska ta ɗebi wasu ta bi su har gindin kara ta tsinto. Da yamma ta karkaɗe su a faifai ta mayar, tsaf, har da ɗan barkono a kusurwa don maganin ƙwari.

Warin barkonon ne ya fara gaya wa Falalu an taɓa akwatin. Ya duba katin sama ya ga tsakiyar aiki ne, na biyu kuma a kife. Ya zauna a ƙasa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har ya riƙa ganin teburin nan na Kazaure a idonsa.

Goggo Dela ta leƙo tana murmushi. "Ka gode wa Allah uwarka ta gani da wuri, da sun gama da su."

"Goggo, hujin nan ni na yi shi. Shi ne rubutun."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma danga ba ta riƙe magana. Dakan da Shatu take yi a bayan bukkar ya tsaya, bai kuma ci gaba ba.

Nan fa aka ga amfanin taurin kan nasa. Da gari ya waye ya share bukkar, ya toshe ƙofa da tabarma saboda iska. A saman kowane kati akwai layin umarnin an buga shi da ƙananan haruffa, don haka ya fara ware na bayanan ruwa, waɗanda garinsu da shekararsu ke jikinsu. Sauran kuwa sai da ya mai da kansa na'urar. Ya ɗauki kati ya tambayi kansa: wannan me yake bukata a riga an sani kafin a zo kansa? Ba a raba abin da ba a tara ba, ba a komawa wurin da ba a riga an yi masa alama ba. Haka ya yi ta bi, yana jerawa yana rushewa, har hutun ya ƙare. Wuri ɗaya ya ƙi haɗuwa ko ta yaya, a nan ya gane akwai katin da iska ta tafi da shi, ya zauna ya fitar da abin da ya kamata a ce yana ciki. Daga baya yakan ce wa yaran da ya koyar, a bukkar nan ya koyi kwamfuta, Zariya huji kawai ta koya masa.

Duk kwanakin nan fura na isowa ƙofar bukkar, amma Shatu ba ta ko gilma ta wajen. Goggo Dela ta ce abinci ma sai an matsa mata. Ran da zai koma, Shatu ta shige garke tun da sassafe don kada su haɗu.

A Zariya ya huda katin da ya ɓata, ya ja layin tawada a gefen tarin, mai kauri kuwa, ya miƙa. Na'ura ta haɗiye katunan, ta yi jim, sannan ta fara fitar da takarda, gari bayan gari, babu kuskure. Ya ci jarrabawa, ma'aikatar gona ta ɗauke shi tun sakamako bai huce ba. A can ya yi rayuwarsa, yana rubuta umarnin da ake raba iri da taki da shi, bankunan Ikko suna zawarcinsa yana ƙi. Kawu Daudu kuwa ya koma gaya wa mutane cewa ai shi ya ba yaron shawara tun farko.

Amma kafin ya je Kazaure da labarin, ruga ya fara zuwa. Ya tarar da Shatu a bakin murhu, ta rame, ta juya masa baya yadda ta saba. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya fuskanci Goggo Dela.

"Goggo, ki gaya wa Inna na ci. Ki gaya mata laifin nawa ne, an ce in sa lamba na ƙi."

Shatu ta daɗe tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Sannan ta yi magana, idonta a kan wuta.

"Dela, ki ce wa wancan ya yafe mini. Ki ce masa tun ran nan ban yi barci mai daɗi ba."

Goggo Dela ta buɗe baki za ta isar, ta dubi uwa ta dubi ɗa, ta ga duk sun ji. Sai ta ja bakin zanenta ta goge ido, ta tashi ta bar musu wurin.