Kwanon Ciyayya

A layinmu na Tambuwal maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Haka na tarar lokacin da aka kawo ni daga Fakku, can ƙasar Kebbe, haka kuma aka ci gaba har na haifi 'ya'ya huɗu. Da an sallame Magariba sai a shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, kowane magidanci ya shiga gida ya fito da kwanonsa. A jera su a tsakiya, a buɗe ɗaya a ci tare, a ture shi, a jawo na gaba. Wannan ita ce ciyayya. Mu mata ba ma zuwa wurin, amma kowace ta san girkinta na can a buɗe a gaban mazan mutane, kuma gobe labarinsa zai dawo mata ta bakin wata.

Mai shimfiɗa tabarmar wani tsoho ne da muke kira Baba tela. Yana zaune a shagon da ke jikin gidanmu, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da madafina. Matarsa ta rasu tun kafin in zo, 'yarsa guda tana aure a Dogon Daji, idanunsa kuma sun daina ganin ramin allura, keken ɗinkin ya zama wurin rataye riga. Shi ba shi da kwano. Nasa shi ne ya share wurin, ya shimfiɗa tabarma, ya cika buta da ruwan wanke hannu. Ban taɓa jin an ce ana ciyar da shi ba. Shi ne ma yake zaɓar kwanon da za a fara buɗewa, kuma idan na yi miyar kuka sai in jiyo shi ta zaure yana cewa, “A ajiye na mutanen Kebbe, da shi za mu rufe.” Ba zan ɓoye ba, kaina yana kumbura.

Maigidana malamin firamare ne. Shi ke zuwa kasuwa idan albashi ya shigo, ni ke riƙe da ma'auni. A da aikin ba shi da wuya. Da kaka yayana yakan aiko mana da buhun gero daga Fakku a bayan babur, wani lokaci har da wake da busasshiyar kuɓewa, sai Malam ya cika da dawa da 'yar shinkafa. Daga baya buhun ya koma rabi. Shekarar da ta biyo baya sai waya ta zo a madadinsa, yayana yana ta kame-kame: taki ya gagari talaka, gonakin nesa ba a zuwa, abin da aka samu ko gidansa ba zai riƙe ba. Na ce masa ya bar ba ni haƙuri, ai ba bashi nake binsa ba. Da na kashe wayar sai na zauna a bakin murhu na daɗe ban hura wuta ba.

Tun da kuɗin man fetur ya tashi, komai ya bi shi da gudu, albashi kaɗai ya tsaya inda yake kamar an ɗaure masa ƙafa. Malam yakan dawo daga kasuwa da ledar da a da yaro ake ba ya riƙe, ya ajiye ta a gabana ba tare da ya dube ni ba. Ni ma ba na tambaya. Sai na shiga yanke-yanke. Shinkafa ta koma ranar Juma'a, daga nan ta koma sai Sallah. Nama ya koma ƙashi, ƙashin ya koma kan busasshen kifi da nake dakawa don ƙamshi kawai. Manja da nake tsiyayawa daga kwalba na koma aunawa da cokali. Dunƙulen magi ina raba shi biyu da farce. Koko ya rabu da sukari, abincin rana ya zama kwaɗon rama ko tafasa idan damina ce, idan rani ne kowa ya sha ruwa a kan ɗumamen safe. Ba abin da ya gajiyar da ni kamar tunanin. Ina salla ina raba gero, ina wanki ina raba gero.

Abu guda ne bai ragu ba, kwanon waje. Shi nake fara zubawa. Malmala manya, miya daga saman tukunya inda ɗan man yake taruwa, idan akwai tsoka ɗaya a cikin tukunyar to can za ta. Yara suna zaune suna kallon hannuna, sai abin da ya rage a raba musu, ni kuma in ce na ci tun ina tuƙi. Ba Malam ne ya sa ni ba. Haka na ga uwata tana yi, haka kowace mace a layin take yi, don kwanon waje shi ne rufin asirin gida. Amma a watannin da gero ke ƙarewa ana saura mako guda albashi, sai in ji na tsani kwanon nan kamar mai rai.

Wata rana da hantsi, Malam yana gyaran sarƙar babur a tsakar gida, na ce masa, “Malam, kwanon ga na waje shi ka cinye mu.”

Bai ɗago ba. “To mi kika so in yi?”

“Ka ci cikin gida. Abin da nika zuba ma waje, da yara anka ba, sun ƙoshi.”

“Ai ni ma ina cin na wasu.”

“Kai ka ci, ba su ba.”

Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, “In kowa ya shige gida, Baba fa?”

Na san amsar. Wannan zaman na bayan Magariba shi ne abincin Baba na yini, sai ɗan kunun da yake saye da safe idan 'yarsa ta yi aike. Amma ni ma ina da baki huɗu a gabana, kuma ba ni na kashe masa ido ba. Haka na faɗa a zuciyata, ban faɗa a fili ba. Na ja tsaki na shige ɗaki, da yamma kuma na zuba kwanon kamar kullum.

Ashe ba ni kaɗai ke wannan magana da miji ba. Direban da ke bin hanyar Sakkwato ya fara cewa yanzu sai bayan Isha'i yake dawowa, alhali muna ganin motarsa a ƙofar gida tun la'asar. Mai sayar da takalma ya ce likita ya hana shi tuwon dare. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ce ƙafarsa ba ta son zaman ƙasa. Ba wanda ya ce babu, kowa da cutar da ta kama shi. Matansu kuwa idan mun haɗu a gidan suna sai mu yi ta hirar tsadar atamfa, ba mai ambaton dalbejiya. Ban ga laifinsu ba, hassada ma na yi musu. A hankali tabarmar da ke cika da maza ta koma mutum biyu da kwano ɗaya, Malam da Baba.

Nan nauyin ya dawo kaina gaba ɗaya. A da Malam yana cin na wasu ya cika cikinsa, yanzu kwanona ne zai ƙosar da maza biyu. Na ƙara malmala, na rage na ciki. Yara suka koyi wani abu da ba sa yi a da: kafin in jiƙa tukunya sai su zagaye ta da cokula suna kankare ƙanzo, har da faɗa. A da ƙanzo na safe ne, a jiƙa shi ya kwana a sa ƙuli-ƙuli. Ina jin ƙarar cokulan nan har cikin haƙorana, amma ba na hana su.

Sai kwanon ya fara dawowa da saura. Ba sauran da aka dagwalgwala ba, malmala guda cif, ba a taɓa ta ba, an ture mata miya gefe. Ranar farko na yi murna na raba wa yara. Da abin ya yi ta maimaituwa sai raina ya ɓaci. Na ce wato miyata ce ta lalace har tsohon da ba shi da kwano yake yi mata yanga. Na san ba nama, na san daddawa ta yi ƙaranci, amma ai ba guba na zuba ba. Na tambayi Malam, ya ce Baba loma kaɗan yake yi ya ce alhamdu lillahi ya janye hannu, shi kuma ba ya iya ci gaba tsoho na zaune yana kallo.

Ban saba yi wa Baba doguwar magana ba, gaisuwa ce kawai ta bayan ƙyaure. Amma washegari da la'asar, da na ji yana shara, na sa mayafi na tsaya a zaure.

“Baba, ina wuni?”

“Lafiya lau, ɗiyata. Ya yaran?”

“Lafiya lau. Baba, ko miyar ta yi wani abu na? Na ga kwano shina dawowa.”

Tsintsiyar ta tsaya. “Miyarki tana nan yadda na san ta. Cikin tsoho na, bai ɗaukar da yawa.”

“Da can yana ɗauka.”

Ya yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba. Ya ce, “Ɗiyata, ido na anka karɓe mini, ba kunne ba. Da can sai da safe nika jin ana kankare tukunya ga bangon ga. Yanzu tun ban wanke hannu ba.”

Ban san abin da na ce masa ba. Ina jin cewa na yi yara ne, ƙanzo suke so, kwaɗayi ne kawai. Ya ce haka ne, yara akwai kwaɗayi, ya ci gaba da shararsa. Na koma ciki kunya ta rufe ni, irin kunyar da ban taɓa ji ba ko a gaban surukai. Duk wahalar da nake sha ina ƙawata kwano don kada a sani, ashe ta bango ake jin gidana.

Daga ranar na hana yara taɓa tukunya sai na kai ta ɗaki an rufe ƙofa. Na ƙara wa kwanon mai. Ba abin da ya sauya, malmalar tana dawowa. Muka yi ta wannan ja-in-ja ni da shi ba mai magana, ina turawa yana maidowa, har gajiya ta kai ni ga barin abin haka.

Ana cikin haka mijin 'yar Baba ya zo daga Dogon Daji da motar haya. Ashe Baba ne ya aika a zo a ɗauke shi, shi da ya shekara da shekaru yana cewa ba zai zauna gidan suruki ba ko za a yanka shi. Aka ɗora keken ɗinki a bayan mota, da katifa, da buhun tufafi. Ya leƙo zaure ya yi sallama, ya ce in yafe masa ɗawainiya. Na ce ba ɗawainiya, Baba, mu ne za mu nemi gafara. Tabarmar da butar ya bar wa Malam, ya ce a can ba dalbejiya.

Da yammacin ranar na tuƙa tuwo, na jawo kwanon waje na fara kwashewa a ciki, sai da na kai malmala ta biyu na tuna. Malam ya dawo daga masallaci ya tsaya a zaure, ya daɗe, sannan ya shigo ya zauna a tsakar gida kamar baƙo. Yara suka zuba masa ido, ba su saba ganin ubansu yana tauna ba. Kowa ya ci ya ƙoshi, har ƙaramar ta bar saura, ba wanda ya nemi tukunya.

Abin da na roƙa ke nan, kuma na samu. A watan nan gero ya kai mu har ranar albashi, karo na farko cikin lokaci mai tsawo. Da na zazzage buhun na tarar da ragowar da za ta yi tuwon kwana biyu ko uku, na tsaya riƙe da ma'auni ina kallonta, na san sarai daga cikin wa ta fito.