Ranar da Aka Bar Yara Suka Zaɓi Wasansu

Hajiya mai makarantarmu ta je bita Kaduna ta dawo mana da sabon salo. Ko jaka ba ta ajiye ba ta tara mu a ofis, mu malaman nazare masu ajin ƙananan yara, ta ce daga yau an daina koyar da yara. Yaro ne zai koyar da kansa. Babu bulala, babu tsawa, babu "ku maimaita bayana." Yaro zai shigo aji ya duba, ya zaɓi abin da ransa yake so, malama kuma ta koma gefe ta zuba ido. Babbar doka ita ce, idan yaro ya nutsa cikin abin da yake yi, ba a katse shi.

Na ce, "Hajiya, to mu kuma sai mu zo da matashi mu kwanta?"

Ta ce, "Malama, ke dai matsalarki baki."

Ba ta yi ƙarya ba, amma a lokacin bakin nan shi kaɗai ya rage mini. Ban daɗe da dawowa Birnin Gwari daga Kusasu ba, ni da 'yata, bayan 'yan daji sun ɗauke babanta a hanyar gona. Da farko sukan kira a waya mu ji muryarsa, yarinyar tana kan cinyata. Daga baya wayar ta daina shiga, kuma tun daga nan 'yata ta daina magana. Tana ji, tana ci, in ka aike ta za ta je, amma ko "Umma" ba ta cewa. Mun je asibiti, mun sha rubutu, maƙwabciyata 'yar kudancin Kaduna ta tara matan cocinsu sun yi mata addu'a, shiru. Yaran unguwa sun fara ce mata bebiya. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na fara manta yadda muryarta take. Hajiya ta ba ni aiki, ta kuma yarda yarinyar ta zauna a ajina, wannan alherin ba zan ɓoye shi ba.

Aka kwashe bencina aka jibge a bayan ofis, aka shimfiɗa tabarmi. Aka sa kafinta ya yanko katakai ƙanana, masu tsawo da masu faɗi da masu zagaye, ya shafe su da fenti ja da kore da rawaya. Da aka kawo su Hajiya ta ga sun yi kyau, sai ta zuba su a kabad mai gilashi ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin gyalenta. Wai yara za su lalata. To ga yara a ƙasa, ga kayan koyo a cikin gilashi, ga mu a jikin bango mun zuba ido kamar masu jiran mota. Wasu yaran suka zaɓi barci, wasu suka zaɓi dambe.

Iyaye ba su ɓata lokaci ba. Wani mai shago ya zo a fusace, ya ce ya tambayi ɗansa me aka koya yau, yaro ya ce masa ya zaɓi kwanciya. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta leƙa ta taga ta ga jikanta yana birgima a tabarma, ta ce in dai zaman ƙasa ne da yin abin da aka ga dama, ai akwai shi a ruga, har da iska mai daɗi. Hajiya ta ce duk rashin wayewa ne.

Ana haka sai saƙo ya zo cewa malamar da ta koyar da su a bitar za ta zo ganin yadda tsarin yake tafiya. Nan hankalin Hajiya ya tashi. Ta ce ba za a kunyata ta ba, dole a yi wa yara atisayen zaɓi. Aka buɗe kabad, aka raba wa kowane yaro abin da zai zaɓa.

"Kai, me ka zaɓa?"

"Na zaɓi jan katako!"

"Ban ji ba! Da ƙarfi!"

Safe da rana muna wannan, har aka ƙara da wani amshi da za su yi tare: "Mu yara ne masu 'yanci!" Bulalar da aka ce an daina tana rataye a bayan ƙofa. Ba a dukan kowa da ita, Hajiya takan dai kalli wajen, yara su ma su kalla, sai 'yancin ya fito da ƙarfi. Wallahi na daɗe ina koyarwa, ban taɓa ganin haddar da aka sha wa wuya irin wannan ba.

Da aka zo kan 'yata, Hajiya ta miƙa mata wani katako mai faɗi, rawaya, ta ce da ni, "Wannan a ajiye ta can baya. In baƙuwa ta tambaya, ki ce kunya gare ta." Maganar ta ƙona mini rai ƙwarai, amma na haɗiye.

Baƙuwar ta iso da hantsi, cikin ayarin motocin da sojoji suke rakowa, don a shekarun nan ba a bin hanyar Kaduna haka kawai. Siririya ce mai tabarau. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma cikin yara. Suka yi mata amshin 'yanci har kwano yana amsawa, kowa ya tashi ya ɗauko abin da ya zaɓa ba tare da kuskure ba. Hajiya sai murmushi take yi. Baƙuwar ta dubi wani yaro ta ce, "Ɗan samari, me ya sa ka fi son ja?"

Ya ce, "Hajiya ce ta ce."

Na sunkuyar da kai don kada dariya ta kashe ni. Baƙuwar ta tattara katakan, ban da na 'yata da ba ta lura da shi ba, ta juye a tsakiyar aji, ta ce duk manya mu koma jikin bango, kuma kome muka gani kada wanda ya ce uffan.

Yara suka yi tsuru-tsuru, suna kallon bayan ƙofa. Can sai wani ya jawo tsintsiya ya hau, ya fara "buuum, buuum" da baki. Shi ke nan, aji ya kama. Dogayen katakan nan suka zama bindigogi. Wasu suka ja riga suka rufe fuska, suka tare sauran. "Ku kwanta! Kowa ya kwanta!" Aka kora waɗanda aka kama zuwa lungun bayan kabad, wai nan ne daji. Wata yarinya ta ɗora hannu a ka tana kururuwa irin ta manya. Ashe wasan da suke yi ke nan a bayan katanga in an tashi hutun tara. Ba wanda ya raba musu aiki, ba wanda ya ce da ƙarfi, amma kowa ya san wurinsa. Murmushin baƙuwar ya ɗauke, gumi kuwa ya jiƙa gyalen Hajiya. Na ce a raina, to ga shi nan, an ce yaro ya koya daga abin da ke kewaye da shi, ga abin da ke kewaye da namu.

Sai mai tsintsiya, wanda shi ne shugaban daji, ya ɗauki katako mai faɗi ya kara a kunnen wani yaro da aka kama. Ya ce, "Kira gidanku!" Yaron ya fara, "Halo? Halo?" Ba wanda ya amsa, don duk 'yan ajin suna daji, ba a bar kowa a gida ba, sai 'yata da aka ajiye can baya. Na ga ta ɗaga rawayan katakonta a hankali ta kai kunne.

Daidai nan haƙurin Hajiya ya ƙare. Ta zabura tana cewa, "Subhanallahi! Kai, wane irin wasan banza ne..." Ban san lokacin da na damƙe wuyan hannunta ba. Na ce, "Hajiya, ke kika ce ba a katse yaro. Don Allah ki tsaya." Ta dube ni, ta bi inda nake kallo, ta tsaya.

Muryar 'yata ta fito a shaƙe, ƙarama.

"Baba? Ka ci abinci?"

Tambayar da nake fara yi wa babanta ke nan duk sanda suka kira. Yaron nan mai katako a kunne a bayan kabad bai san komai ba, wasa yake yi, ya ce, "Na ci."

Ta ce, "To ka dawo. Amma kar ka je Kusasu, ba ma nan. Muna Birni, gida mai jar ƙofa."

Ta ɗan saurara, ta gyaɗa kai, ta sa katakon a aljihun rigarta. Na fashe da kuka a gaban baƙuwa da yara da kowa, ban ji kunya ba. Duk watannin nan ni ina yawon neman magani, ita kuwa damuwarta mun tashi ba mu faɗa masa inda muka koma ba.

Baƙuwar ta bi ayarin yamma ta tafi, ba mu sake ganinta ba. Kafin hutu bencina sun dawo, katakai sun koma cikin gilashi, ban da rawayan nan guda, wanda Hajiya ba ta taɓa tambayata inda yake ba. Maganar 'yata ta dawo kaɗan-kaɗan, yanzu har sai na ce ta yi mini shiru. Babanta bai dawo ba. Bara mai gidan da muke haya ya zo da mai fenti zai mayar da ƙofofin gidan shuɗi, yarinyar ta tsaya a bakin tamu ta baza hannuwa. Na roƙe shi ya bar mana tamu yadda take.