Furar Gwaggo a Tsakiyar Tsere

Ina tsaka da gudu, na baro duwatsun Rano na nufi Kibiya, sai ga Gwaggo Ladi, yayar babana, tsaye a bakin gona da ƙwaryar fura.

Tseren dogon zango na farko ke nan a rayuwata, ta cikin daji. Na cika wa 'yan kasuwarmu baki cewa sai na ƙarasa. Dabino kawai na zuba a aljihu, don an gargaɗe mu kada mu cika ciki.

To, wa ya isa ya wuce Gwaggo a guje? Na durƙusa, mutane suna ta wuce ni.

"Gwaggo, sauri nake."

"Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa."

"To zauna ka sha. Don kai na dama."

Na sha, ta ƙara. Da na miƙe, cikina sai kaɗawa yake kamar jarkar ruwa a bayan babur. Ƙarshenta a amalanken shanu na shiga Kibiya, 'yan kasuwarmu na jira.

Yau kuma ta aiko, wai na rage furar, ko raina ta na yi.

Jama'a, masu gwaggo a bakin hanya, ya kuke yi?