Ruwan Alwalar Kaka

Jiya da rana mai ruwa ya tuntsurar da jarka a ƙofar gidanmu, ruwan ya malale a kan ƙasar da rana ta gasa, wani ƙamshi ya taso. Yana bugun hancina na ji raina ya ɓaci, alhali ba ni na yi asara ba. Sai da na koma ɗaki na gane dalili. Ƙamshin tsakar gidan kakata ne a Hashimi, lokacin bazara, daidai gindin katangar da take alwala.

Bari in faɗa muku tun yanzu don kada in ja ku da nisa: kakata ta fi son 'yar baffana a kaina. Ba zato nake yi ba. Sunan Kaka aka sa mata, saboda haka ba mai kama sunanta a gidan. Kaka ta ce takwara, iyayenmu su ce Hajiya ƙarama. Ni kuwa gatsau ake kiran nawa, yawanci in za a aike ni. Sa'annin juna muke, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Bambancin kawai, mahaifiyarta ta bar gidan tun tana rarrafe, tawa kuwa tana nan.

Wata malamar firamare 'yar Filato da ke haya a ɗakin kusa da zaure, wadda muke ce wa Anti, ita ta kawo mana fure. Kafin zuwanta abin da zai shiga tukunya kaɗai ake shukawa a bayan ɗaki: yakuwa, rama, zogale, sai lallen Kaka. Kaka ma takan ce ba ta ga amfanin shukar da ba a miya da ita ba. To a bazarar nan, lokacin da famfo ya ƙafe, kaji na yawo baki buɗe, ƙasa ba ta takuwa ba takalmi, sai ga gwangwanayen Anti sun cika da wata 'yar shuka mai yaɗo, ganyenta ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Da hantsi furanni su buɗe, ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda, kafin la'asar su rufe abinsu. Ba mu san sunanta ba, ɗan hantsi muke ce mata.

Anti ta karyo mana reshe-reshe, ni da 'yar baffana. Ita 'yar baffan nawa ta samo tsagaggiyar roba, ta ɗebi yashin da magina suka bari, ta soka nata, ta yar a tsakar rana gindin katanga, ta tafi wasan gala-gala. Kaka kuwa ba ta yarda ɗigon ruwa ya tafi a banza da bazara. Da ta zo alwala ta ga robar, sai ta jawo ta ƙarƙashin hannuwanta. Shi ke nan. Daga ranar kujerarta 'yar tsuguno ba ta sake barin wurin ba. Da furannin suka buɗe, matar da ta ce ba su da amfani ita ce ke leƙa katanga tana kiran maƙwabta su zo su ga furen takwararta.

Abin da nake so bai da yawa. Kaka ta ja kujerar nan zuwa gaban tawa shukar, ko sau ɗaya ne, ta wanke fuskarta a kai.

Sai na ce zan yi abin da ya fi na kowa. Kawuna manomi ne a Maje, yakan biyo ta gidan bayan sallar Juma'a. Na tambaye shi, ya ce ai shuka duk ɗaya ce, taki take so da ruwa, in tana ƙarama kuma a kare ta daga rana. Har kashin kaji ya kawo mini a leda. Na haƙo baƙar ƙasa, na cuɗa, na kai tukunyata inuwar mangwaro. Safe da yamma nake raba ruwan wankana biyu in ba ta rabi, ina fita da kumfa a bayan kunne. Anti ta gifta ta ce in kai ta rana in rage ruwan. Na ce to, a raina kuwa na ce matar da alli ta sani za ta fi mai fartanya?

Shukata ta yi kore shar, ta yi ƙiba, ta zubo har ƙasa kamar an shuka salak. Fure ko ɗaya babu.

Rannan da azahar haƙurina ya ƙare. Na kinkimo tukunyar na dire ta gaban Kaka tana naɗe hannun riga.

"Kaka, yau a tawa za ki yi."

Ta dube ta, ta murza ganye ɗaya da yatsa.

"Ke 'yar nan, wannan ai ta ƙoshi, tana da mai ita. Waccan in ban ba ta ba, wa zai ba ta?"

Ta sa ƙafa ta matsar da tukunyata gefe, ta yi bisimilla. Na kai ƙara wurin mahaifiyata, ta ce duk ɗaya Kaka ta ɗauke mu, in wuce in wanke kwanuka.

To tunda mai ƙishi ake ba, na ce bari tawa ma ta ji ƙishi. Na ja ta tsakar rana na daina ko kallonta. Ta yi yaushi, ta rame, ganyen ya koma ja-ja. Ina jira Kaka ta ji tausayinta. Ana cikin haka, hadarin farkon damina na haɗuwa yana watsewa, wani hantsi na fito na tarar ta cika da fure, har ta fi ta 'yar baffana. Na ruga na jawo Kaka da zane. Ta tsaya ta kalla sosai, ta ce masha Allah, ga shi kuwa ta yi ba da ruwanta ba, ashe dama ba ta buƙata. Ta koma gindin katangarta.

Kaka ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. An yanka tsakar gidan an yi ɗakunan haya na masu aiki a Abuja, abin da ya rage an shafe shi da siminti. Ni da 'yar baffana lafiya lau muke, tana aure a Iku, muna zumunci. Kowa na cewa in duba, marar uwa ce a gidan, dole tsohuwa ta ja ta a jiki. Na sani. Tun ina yarinya na sani. Sanin bai rage mini komai ba.

Yanzu mahaifiyata ce kaka, kuma ita ma tana da nata, 'yar wana. Kwanaki ƙaramar 'yata ta dawo daga can tana kumbure-kumbure, ta tambaye ni ko Hajiya ta fi son waccan. Na yi niyyar in ce duk ɗaya ne, bakina ya ƙi. Na ce eh, ta fi son ta. Sai ta ce to ita fa, wa ya fi son ta? Na jawo ta na ɗora a cinya na ce ni, kuma ban damu da wanda ya ji ba.

Da na ɗaga kai, yayarta na tsaye a bakin ƙofa da bokiti a hannu tana kallonmu. Na san kallon nan sarai.