Yadda Na Haɗa Na Ɗaya da Na Takwas a Jibiya

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ni tsohon malamin makaranta ne, na daɗe da yin ritaya, kuma abin da zan faɗa ya same ni ne ina da ƙuruciya, a ƙarshen shekarun 1970, lokacin ƙasar Katsina tana ƙarƙashin Kaduna. Ban jima da fitowa daga kwalejin horon malamai ba aka turo ni wata sakandare a Jibiya in koyar da lissafi, aka haɗa mini da kula da wasanni saboda ni ne ƙarami a cikin malamai. Ina da sabon babur, ina da rediyon da nake bin wasannin ƙwallon ƙasashen waje da shi, kuma a raina ina ganin duk abin da dattawan garin ke yi akwai hanyar da ta fi tasu, ni ne kuma na san ta. Zamanin kuɗin mai ne. Manyan motoci ba sa yankewa a hanyar Maraɗi, da hatsi da atamfa da gangunan fetur. Yaron da bara yake kiwon awaki, bana ka gan shi yaron mota, baɗi yana kan sitiyari. Mutane sun samu da sauri, wanda kuwa ya samu da sauri ba ya son a taɓa masa girma.

A shekarar nan wani attajiri da hanyar ta yi wa rana ya sa kofi ga makarantun yankinmu, guda takwas. A zangon farko kowa ya kara da kowa, ni ne kuma aka ba aikin tara maki. Da aka dawo hutu sai muka zauna mu shirya zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Al'adar da na tarar ita ce a rubuta sunayen makarantu a nannaɗe, a zuba a hula, a jawo biyu-biyu, duk wanda Allah ya haɗa ka da shi shi ke nan. Na miƙe na ce wannan tsarin jahilci ne, domin ƙuri'a tana iya haɗa gwanaye biyu tun a wasan farko, ranar ƙarshe kuma a tara jama'a su kalli abin da bai kai ba. Na ce a jera makarantu bisa maki, ta ɗaya ta kara da ta takwas, ta biyu da ta bakwai, har a gama. Wakilin attajirin ya ji daɗin maganar, sauran malamai suka bi. Makarantarmu ce ta ɗaya. Ta takwas kuwa wata sabuwar makaranta ce ta jeka-ka-dawo a wani gari can bayan Gangara.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, malamin wasannin wannan makarantar, dattijo mai furfura wanda a haife ya haife ni. Ya ce su ba a fili aka ci su ba. Wasanni kaɗan da suka samu zuwa sun ci abinsu, sauran kuwa rafi ne ya yanke musu hanya a ƙarshen damina, da ruwa ya janye kuma iyaye suka kwashe yaran zuwa girbin gero, ni kuwa duk ranar da ba su zo ba sai in ba abokin karawarsu maki. Ya roƙa a yi ɗaya cikin biyu, ko a auna kowa da wasan da ya buga da ƙafarsa, ko a koma ga hula, domin ƙuri'a ba ta zagin kowa. Na ce masa doka doka ce, wanda bai zo ba an ci shi, ko a ina haka ake yi. Wasu suka yi dariya. Bai yi fushi ba. Ya ɗauki hularsa daga kan tebur ya sa, ya ce, “Malam, kai lamba ka rubuta. Su can gida zagi za su karanta.”

Da na tsaya nan da ƙila abin ya wuce. Amma don jin daɗin aikina sai na samu babban kwali na zana jadawalin da jan alƙalami, kowace makaranta da lambarta, na liƙa ɗaya a ƙofar makaranta, ɗaya a bakin tasha. Ban yi tunanin cewa yawancin direbobi da yaran motar da ke tashar nan 'yan wancan garin ne ba, kuma ƙannensu da 'ya'yansu ne a makarantar. Kafin mako ya zagayo 'yan kamasho sun sa musu suna wutsiya. In motarsu ta shigo sai ka ji ana kira, ga ta takwas nan ta iso. Yara suka mai da abin waƙa a kasuwa ranar Lahadi. Aka yi dambe a teburin mai shayi har aka fasa wa wani baki. Maigidan da nake haya a gidansa, mai awon hatsi ne a kasuwa kuma mahaifin kyaftin ɗinmu, ya same ni ya ce in je in cire takardar nan tun ba ta jawo abin da ya fi haka ba. Na je na cire, amma kowa ya riga ya haddace ta.

Wata rana na tsaya sayen mai sai babban direbobin wancan garin ya zo ya tsaya kusa da babur ɗina. Ƙato ne mai sanyin murya. Ya gaishe ni gaisuwar da ta wuce ƙima, ya tambayi gida da aiki da mutanen garinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ko ni ne malamin da ya auna su. Na fara yi masa bayanin maki, ya ɗaga hannu yana murmushi, ya ce ai ba komai, Allah ya kai mu ranar. Daga nan abubuwa suka fara canzawa a hankali. In na isa wurin mai shayi sai hira ta mutu. Na wayi gari sau biyu na tarar an sace iskar tayoyina. Na kuma fara jin ƙishin-ƙishin cewa motocin da ke dawowa daga Maraɗi suna ɗauko wasu samari da ba sa sauka a Magama ta bakin iyaka, ba sa sauka a Jibiya, kai tsaye ake wucewa da su ƙauye. Na ce surutun tasha ne.

Ranar wasa da hantsi, ana zafin bazara mai tsanani, sai ga dattijon malamin nan a kan keke, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Ya ce magana ta fi ƙarfinsa. Direbobi sun ɗauko 'yan ƙwallon gari daga ƙetare, manyan mutane masu iyali, an aske musu gemu, an ba su rigar makaranta, shugaban makarantarsu kuma tsoro ya hana shi cewa uffan. Ya ce don Allah kada in fito da yarana yau, in ce an ɗaga wasan, in ce komai, yaran nan ɗiyan mutane ne. Edita, ka san abin da Shaiɗan ya raya mini? Cewa na yi dabara ce, so yake mu ƙi fita a ba su maki, ya rama abin da na yi masa. Haka na faɗa masa, a tsaye, a ƙofar ɗakina. Ya dube ni ya ce, “To Malam, na fita haƙƙinka.” Ya hau kekensa ya tafi.

Bayan la'asar da muka fito fili na ga abin da ban taɓa gani ba. An jera manyan motoci sun kewaye filin, kowacce ta juyo da gabanta ciki, har hanyar da ke fita zuwa titi an toshe ta. Mutane cike a samansu, ba kiɗa, ba ihu, kallo kawai suke yi. Da 'yan wasansu suka shigo sai na ga dattijon bai yi ƙarya ba. Rigunan sun matse musu kafaɗu, haɓarsu ta yi tsanwa saboda sabon aski, suna kiran juna suna surka Hausa da Faransanci. Alƙalin wasa, wani malami da aka ɗauko daga Katsina, ya matso ya tambaye ni a hankali ko ina da ƙorafi. Na dubi motocin nan, na san in na ce a fasa ba za mu fita lafiya ba, na kuma san in na janye gobe ni ne abin waƙa a tasha. Har yau ban san wanne ya fi ƙarfi a raina ba, tsoron ko girman kan. Na ce ba ni da ƙorafi. Kyaftin ɗinmu, yaro siriri mai kunya da bai wuce aji uku ba, ya zo ya ce, “Malam, waɗannan fa ba 'yan makaranta ba ne.” Na dafa kafaɗarsa na ce ku ne na ɗaya, ku je ku yi wasanku.

Da an ci mu tun farko da ya fi mana alheri. Amma yaron nan Allah ya ba shi ƙafa. Ba a jima da farawa ba ya yanke biyu daga cikinsu, ɗaya har ya zauna a ƙasa, ya zura ƙwallo a raga. 'Yan makarantarmu suka fara ihu, sai ihun ya mutu a bakinsu, domin wata mota ta saki oda mai tsawo ba ta daina ba sai da kowa ya yi tsit. Daga nan suka bar bin ƙwallo, suka koma bin yaron. Na farko ya kai masa ƙafa, yaron ya tsallake. Na buɗe baki in kira shi ya fito, ban kira ba. Na biyun ta baya ya zo masa da ƙafa biyu. Ina bakin layi na ji ƙarar, kamar an karya busasshen ice. Kafin usur ya fita jama'a sun auka fili, duwatsu suna tashi ta kowane gefe. Motar makaranta tana nan amma ba hanyar fita. A kan benci muka ɗauke shi, muka bi ta tsakanin motoci, ƙashin ya huda fata, shi kuwa bai yi kuka ba, sai salati.

Mahaifinsa ya ce a kai shi wurin mai ɗori a cikin gari, tunda nan ne kusa. Aka ɗaure ƙafar. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, ɗakin ya fara wari, yatsun suka yi baƙi. Ko da muka kai shi asibiti a Katsina sai likita ya ce an makara, in ana son ransa sai a cire ta daga ƙasan gwiwa. Aka cire. Samarin nan kuwa tun yammacin ranar sun tsallaka iyaka, ba wanda ya san sunan ko ɗaya. Attajiri ya aiko aka ɗauke kofinsa. Da aka zo bincike sai laifi ya faɗa kan dattijon malamin, tunda shi ne mai kula da 'yan wasa a takarda, aka sallame shi daga aiki ana saura kaɗan ya yi ritaya. Na shaida cewa ya zo ya gargaɗe ni, aka rubuta, bai hana komai ba. Babban direban ya ci gaba da tuƙinsa, in mun haɗu ma shi ke fara gaishe ni.

Mahaifin yaron bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Ya ce ƙaddara ce, kuma kullum sai an kawo mini tuwo daga cikin gida kamar yadda aka saba. Wannan tuwon ne ya kore ni daga Jibiya, don na kasa haɗiye shi. Kafin in tafi na je asibiti sallama. Na tarar da yaron kwance ya rame, zanen da aka rufa masa ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da. Na tsaya a bakin gadon. Shi ne ya yi murmushi don ya sauƙaƙa mini, ya ce, “Malam, tunda ba a ƙarasa wasan ba, har yanzu mu ne na ɗaya ko?” Na ce masa e. Na fita na zauna a bakin baranda na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu.

Yau ina ganin ko'ina haka ake jera ƙungiyoyi, mai ƙarfi da mai rauni, kuma ban ce tsarin ba shi da kyau ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka ce wane ne na ƙarshe ka tabbata ka ga wasansa da idonka, kada ka ci mutum da rafin da ya tare shi ko gonar ubansa. In kuwa awon bai cika ba, to hula ta fi, kowa ya karɓi rabonsa ba tare da an ci masa fuska ba. Ku malaman wasanni masu tasowa, abin da kuka shirya a ofis ku bar shi a ofis, kada ku kai shi tasha, domin wasan yara in manya suka sa zuciya a ciki ya tashi daga wasa. Kuma in wanda ka ɓata wa rai ya tako har ƙofarka ya ce kada ka fita, ka saurare shi. In ka ga abin da zai cutar da yaro a fili, ka kwashe yaranka ku koma aji, a yi maka waƙa a kasuwa shekara guda. Waƙa tana ƙarewa. Yaron nan yanzu dattijo ne mai jikoki, yana ɗinki a bakin kasuwa, kuma duk wanda zai nuna maka shagonsa cewa zai yi, ka je wurin mai ƙafa ɗaya.